Ni Na Cinye Gyaɗar Jinyar Yayana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, har da waɗanda ba su da abin yi sai zaman jiran wani ya yi tuntuɓe su taru a kansa. Ina gaishe ku gaba ɗaya. Don Allah a sakaya sunana, kuma kowa ya mayar da wuƙarsa kube har in kai ƙarshe. Na san halinku, na sha ganin yadda kuke feɗe mutum tun bai gama sallama ba. Ba na ganin laifinku, ni ma aikina ke nan shekara da shekaru. Amma yau ni ne a ƙasa, kuma ba zagi na zo nema ba, ina da shi buhu-buhu a gida. Shawara nake so, kwana uku kacal suka rage mini.

Ni magidanci ne, na ba hamsin baya, daga wani ƙauye can gefen Dogo-Dogo. Manomi ne ni a suna, amma abin da aka san ni da shi baki ne. In na ga akuya ta tsallake kwata da safe, kafin azahar ta zama raƙumi ya tsallake tafki da kaya a bayansa. Ba a suna ko ɗaurin aure a yankinmu ba a aiko mini da ɗan kabu-kabu ba, don taron da ba ni ciki zaman makoki ne. Kowa ya san ƙari nake yi, kowa na dariya, ban taɓa ganin wanda ƙarin gishirina ya cuta ba. Haka dai na zata.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Zan kira shi Yaya, don haka nake kiransa. Mutum ne da in ya yi murmushi sai an leƙa waje a ga ko lafiya. Ga noma ga kiwo, rumbunsa bai taɓa yin wayam ba, kuma yana so duniya ta san haka. Tun muna yara ban taɓa jin sunana a bakinsa a gaban mutane ba, sai dai "wancan sakaran". In ana shawarar gida na buɗe baki, sai ya ɗaga hannun dama ya ce, "Kai, dakata, maganar hankali ake yi." Da furfurata, da jikokina! Sai in yi dariya, jama'a su yi dariya, a wuce. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba, na faɗa ne don ku san yadda muke tun kafin ciwo ya zo.

Bayan kaka, ana cikin ɗaurin hatsi, Yaya ya yanke jiki ya faɗi a gona. Hawan jini ne, ashe ya daɗe da shi yana ɓoyewa, shi a dole ƙarfe ne. Daga amalanke zuwa mota, daga mota zuwa ambilas, har Damagaram. Can suka yi ta fama da shi kwana goma sha wani abu, Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Amma ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace, magana ta ɗauke, sai wani gurnani da ba mai gane shi. Lokotoro, wato likita, ya ce haɗari ya wuce, amma ba gida za a kai shi ba tukuna. Aka mayo da shi wani asibiti kusa da mu, wai zai kwanta makonni a koya wa jikin aiki daga farko kamar na jariri, zama, tsayuwa, taku, riƙe cokali.

Sai aka zo maganar wa zai yi jinya. A nan na ga ikon Allah. Dangin da in an yanka rago sukan cika tsakar gida har bakin zaure, ranar kowa ya tashi da uzurinsa. Wannan bayansa na ciwo, wancan wakensa na gona ba a roro ba. Babban ɗan Yaya yana Kano yana kasuwanci, shi ta salula yake tasa jinyar, ya kira ya yi kuka mai sauti ya kashe. Matar Yaya kam baiwar Allah ta so ta zauna, to ɗakin maza ne, ba ta iya ɗaga shi, ga gida ga dabbobi. Sai duk idanu suka juyo kaina. Wani kawunmu ya ce, "Ai kai ne daidai, tunda ba wani abin kirki kake yi ba. Ka je ka ɗebe masa kewa." Na ce to. Na naɗe tabarmata na bi shi.

A asibitin akwai wata ma'aikaciya, kine suke ce mata, wato mai motsa gaɓoɓin waɗanda jikinsu ya shanye. Mu Madam muke kiranta. Ba a nan take zaune ba, Litinin da Alhamis take zuwa, ta bi gado-gado kamar ana korar ta. Ranar farko ta tsayar da ni ta ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. Ni kwana biyu nake zuwa a sati. Sauran kwana biyar ɗin kai ne ni." Ta nuna mini yadda zan miƙe masa hannu in lanƙwasa, in buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, in tayar da shi ya dafa kafaɗata mu taka zuwa ƙofa, safe da rana da yamma. Sannan ta sa aka kawo ƙwarya biyu, ɗaya da gyaɗa, ɗaya ba komai. Wai ya riƙa tsintar gyaɗar da mataccen hannun yana zubawa a ɗayar, guda-guda. Ta ce, "Ko uku ya iya a yini, riba ce. Kuma ka sani watannin farkon nan su ne komai. In suka wuce hannun ya ƙage, sai dai haƙuri."

Na dube ta, na dubi ƙwaryar. A raina na ce wannan shi ne karatun da aka je Yamai aka kwashe shekaru ana yi? Ba allura, ba ƙwaya, ba ƙarin ruwa, sai wasan 'yan mata na tsakar gida? Mutumin da ke ɗaga damin hatsi da hannu ɗaya, shi za a zaunar yana tsintar gyaɗa kamar kaza? Amma a fili na ce, "Madam, kin samu ma'aikaci. Kafin ki dawo sai kin tarar da shi yana dambe."

Wallahi na gwada. Kwana biyun farko na yi. Da na kama hannun na miƙe shi, sai Yaya ya saki wata ƙara, na ga hawaye na bin karkataccen bakin nan. Tunda uwarmu ta haife ni ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne ta. Na saki hannun. Na ce bari ya huta yau. Washegari na ce bari ya ƙara hutawa. Rana ta uku ban ma ce komai ba, don na riga na gano inda rayuwa take a asibitin, wato gindin wata darbejiya a bayan ɗakinmu, inda masu jinya suka kafa fada, ga shayi ga hira. Mutane ne da zaman jinya ya gama kashe musu jiki, kuma ba su taɓa jin labarina ko ɗaya ba. Kun san me ake nufi da mai baki ya samu sababbin kunnuwa? Cikin sati guda na zama sarkin wurin, in na makara aike ake yi. Gyaɗar kuwa, ai shayi ba ya tafiya haka nan. Matar Yaya ta aiko da tiya guda, ɓararriya, zaɓaɓɓiya, ta gonarsa. Na kai wa mai tuyar ƙosai a bakin ƙofa ta soya mana. Da ta ƙare na aika gida cewa Yaya ya kama aiki haiƙan, har gyaɗa ta farfashe, a ƙaro. Ta ƙaro da murna.

Kada ku ce na bar shi da yunwa ko cikin ƙazanta. Na yi masa wanka, na ba shi koko a baki, na goya shi zuwa bayi, na riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Abin da wancan mai kukan salula ba zai iya na yini ɗaya ba. Motsa hannun ne kawai na raina, shi da takun.

Ran Alhamis Madam ta zo ta ce, "Baba, yaya aiki?" Da na ce mata ban yi ba, da magana ta ƙare a nan, ta yi faɗanta ta wuce. Amma bakina ya riga hankalina tashi, kamar kullum. Na ce, "Sau uku a yini, Madam, har da nafila." Ta yi dariya ta rubuta. Litinin na ce ya tsinci guda goma. Wata Alhamis na ce jiya sai da muka taka har ƙofa. Ta kama hannun ta jujjuya ta ce, "Abin da kake faɗa da abin da hannun nan ke faɗa ba su zo ɗaya ba." Na dafa ƙirji na ce, "Madam, kunya yake ji. Dattijo ne, ba ya iya motsi a gaban mace. Da kin fita sai ki ga abin mamaki." Ɗakin ya kwashe da dariya, ba wanda ya tanka, tunda rabinsu sun ci gyaɗar. Ita kuma ga gadaje jere suna jiran ta, ina ta ga lokacin bincike? Ta rubuta ta yi gaba.

Ga wurin da nake jin kunyar rubutawa. Yaya yana ji. Magana ce ta tafi, hankalinsa garau yake. Ranar nan ya ɗaga hannun hagu yana nuna ni, yana gurnani, jijiyar wuyansa ta tashi. Madam ta ce, "Me yake cewa?" Na ce, "Godiya yake yi. Ya ce duk cikin dangi ni kaɗai ne ɗan halak." Ya yi ta girgiza kai. Na ce, "Kin gani, har ya rasa ta cewa." Kuma in gaya muku gaskiya, a lokacin daɗi na ji. Hannun da aka shekara hamsin ana ɗaga mini ana cewa in dakata, ga shi yashe a kan katifa kamar tsumma, ni kuma ni ne bakinsa. Abin da na ce ya ce, shi ya ce. Wane irin mutum ne ke jin daɗin wannan? Ga shi nan yana rubuto muku.

Masu dubiya kuwa, Allah ya shirye su. Ranar kasuwa suke zuwa, tunda hanya ta biyo da su. Su cika ɗaki, su tsaya a kansa kamar masu tayin sa, "Sannu, ya jiki, Allah ya sa kaffara ne," ido na kan kwanon abincin da wani ya kawo. Kowa lokotoro ne. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne, wata gwaggo ta ce a shafe shi da man kaɗanya da kitsen damo. Ba wanda ya taɓa tambayar me ma'aikata suka ce a yi masa, balle ya ce nuna mini in kama maka. Ni kuma in yi ta zuba musu labari, jiya ya riƙe kofi, shekaranjiya ya kusa marina. Su yi kabbara su tafi su baza a gari. Da mutum ɗaya cikinsu ya zauna na yini guda, da asirina ya tonu tun tuni. Ba wanda ya zauna.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani tsoho makiyayi daga wajen Kwaya, ciwonsu ɗaya da Yaya, har nasa ya fi muni da aka kawo shi. Ƙaninsa ke jinyarsa, wani dogo marar magana, sa'ana. Shi bai taɓa zama a fada ba. Safe, rana, yamma, yana durƙushe gaban gado da ƙwaryarsa biyu, tsoho na kuka yana ba shi haƙuri yana ci gaba. Na sa masa suna Sarkin Tsinta, na riƙa kwaikwayonsa a gindin darbejiya har mutane na riƙe ciki. Larabar da ta wuce aka sallame su. Tsohon nan da ƙafarsa ya fita, yana jan ta dai, sanda a hagu, buta a hannun da aka kawo shi da shi a mace. Ƙanin ya naɗe tabarma, ya zo ya ba ni hannu ya ce, "Ɗan'uwa, bakinka da daɗi, mun sha dariya daga nesa. Amma ina roƙon Allah kada ya kwantar da ni a hannunka." Maganarsa ke nan ta farko kuma ta ƙarshe da ni. Na bi su da ido har suka fita ƙofa.

Washegari Alhamis lokotoro ya zagayo tare da Madam, aka kira matar Yaya. Ya buɗe takardu, duk ƙaryata ce a ciki da kyakkyawan rubutu. Ya ce, "Labarin taku har ƙofa da tsintar guda goma, wannan mun san halin Baba, mun cire. Amma aikin dai sati bakwai ana yi sau uku a yini, yatsun sai ƙara dunƙulewa suke, ƙafar ba ta ɗaukar sa. Wanda zai amsa, da ya fara amsawa. Akwai masu jiran gadon. Alhamis mai zuwa ku tafi da shi gida, a ci gaba da magani da addu'a." Kun ga abin? Su ma sun yi mini irin lissafin da mutanen garinmu ke yi mini, sun rage raƙumin suna zaton akwai akuya a ƙarƙashi. To wannan karon ko akuyar babu.

Matar Yaya ta juyo tana share ido da gefen mayafi ta ce, "Kai dai ka fita haƙƙin zumunci. Duk abin da ɗan'uwa zai yi ka yi. Ya sha ce maka sakarai, yau Allah ya nuna masa wa ke nasa." Ɗan Kano ya kira ya ce, "Baba ƙarami, ba mu da bakin godiya." Na amsa da "Haba, ai yi wa kai ne," ko tari bai sarƙe ni ba. Yaya bai yi gurnani ba ranar. Ya juya fuska bango. Tun daga nan bai ƙara kallona ba, in na kawo koko sai ya buɗe baki idonsa na bango.

Tun ranar na bar fada, na koma kama hannun. Ya yi tauri kamar busasshen icce, yatsun sun shige tafi, kuma rabin abin da aka nuna mini na manta, ina tsoron in sa ƙarfi in karya. Jiya kamar babban yatsan ya ɗan motsa. Na ce kamar, don yanzu ni kaina ban san ko na gani ba ne ko ƙari nake yi wa kaina.

Yau Litinin na tare Madam a baranda. Na ce, "Madam, wata tambaya ce, ba tawa ba, ta wani ce a fada. In mai jinya bai yi aikin nan ba sam, ya ce ya yi, fa?" Ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "In haka ne, ba a ma gwada majinyacin ba ke nan. Sai in koma wurin lokotoro in roƙa a ƙara masa wata guda, don lokaci bai gama ƙurewa ba, amma ya kusa. Sai dai ba zan je roƙo da labarin wani a fada ba. Mai jinyar zai zo da bakinsa ya faɗa a gaban lokotoro da iyalin, a canza shi, a kawo wanda zai yi." Ta gyara jakarta ta ce, "Ka gaya wa mutumin naka ina nan Alhamis da safe, kafin a sa hannu a takardar sallama." Na ce zan gaya masa. Har na ƙara da wani barkwanci. Ba ta yi dariya ba.

To jama'a, ga inda nake. In na yi shiru, Alhamis za a kwantar da Yaya a bayan mota a kai shi ɗakinsa, hannu a dunƙule, ya ƙarasa kwanakinsa ana juya shi, ni kuma in shiga gari ana nuna ni ana cewa ga ɗan'uwa na gari. A ƙauyenmu ba kine, ba mai zuwa Litinin da Alhamis. Na ce ko in ci gaba da yi masa a gida a ɓoye, amma wa nake ruɗi? Ni da ban yi ba ana zuwa ana tambayata? In kuma na faɗa, zan tsaya gaban matar da ta yi ta ɓarar gyaɗa da hannunta tana aiko mini, in ce mata mun sha shayi da ita. Ɗansa zai ji, gari zai ji, 'ya'yana da surukaina za su ji. Dangin nan da suka kasa zama na yini guda su ne za su fi kowa ɗaga murya, na san su, har ina jin abin da kawu zai ce. Kuma cikinsu wa zai yarda ya karɓe ni a jinyar? Ba tabbas ma hannun zai tashi ko an ƙara watan. Zan iya zubar da mutuncina ƙasa, shi kuma ya koma gida yadda yake.

Masu zagi ku yi, na cancanta, amma ku haɗa mini da yadda ake buɗe baki a faɗi irin wannan, don ni duk tsawon rayuwata ban taɓa tsayawa gaban mutane na ba da labari yadda ya faru ba. Da wa zan fara? Da Madam, ko da matar Yaya, ko da shi Yayan da ya riga ya san komai? An riga an yi magana da mai motar da zai ɗauke mu ran Alhamis.

Me zan yi?